Yadda ake warware lissafin motsi ta hanyar makamashi: jagora ga ɗaliban fiziks na shekarar farko

Duk wanda ya zauna a ajin fiziks na shekarar farko a jami'a ya san abin da zan faɗa. Malami ya zana katako a jingine, ya ɗora akwati a kai, ya ja kibau huɗu ko biyar, kafin ka gama kwafar zanen ya cika allo da sin da cos. Ka koma ɗaki ka haddace ƙa'idoji fiye da goma. Ranar jarrabawa aka mai da akwatin nan buhu, aka sauya kusurwa, sai kanka ya ɗaure. Na sha ganin haka a wurin ƙannen da nake yi wa bita, ni kaina ma ta ci ni a zangona na farko.

Abin da ya cece ni shi ne ranar da na gane cewa yawancin tambayoyin wannan kwas, wanda jami'o'in Najeriya suka fi sani da PHY 101, lissafin mai shago ne. Da nawa ka buɗe da safe, nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage a aljihun tebur da yamma. Makamashi ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙirƙirarsa daga babu, kama kawai yake sauyawa. In ka iya riƙe littafin asusunsa, tambayar da za ta ci maka shafi guda ta hanyar dokokin Niyuton za ka gama ta a layi huɗu.

Kuɗin da ake ciniki da su

Kafin mu shiga matakai, ga abubuwan da ake rubutawa a cikin asusun.

Na farko makamashin motsi, ½mv². Harafin m shi ne mas na abu a kilogiram, v kuma gudunsa, wato mita nawa yake ci a sakan guda. A nan akwai tarkon da harshenmu yake ɗana mana. A kasuwa cewa muke nauyin buhun siminti kilo 50 ne. A fiziks wannan 50 ɗin mas ne. Nauyi ƙarfi ne, ƙarfin da ƙasa take jan buhun da shi, ana samunsa da mg, ana auna shi da niyuton. Da yake g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa saboda jan ƙasa, kusan 9.8 ne, nauyin buhun niyuton 490 ke nan. Wasu malaman sukan ce a ɗauki g a matsayin 10 don sauƙi. Duba kan takardar tambaya ka bi abin da aka ce.

Lura da ɗan 2 ɗin nan da ke kan v, domin shi ne ya fi komai tasiri a aikace. Tun a 1722 wani malami a birnin Leiden na ƙasar Holan, Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan yumɓu mai taushi yana auna ramin da suke yi. Ƙwallon da ya sauka da ninki biyu na gudu, ramin da ya yi ninki huɗu ne. Za mu sake haɗuwa da wannan ninki huɗun a kan titi.

Na biyu makamashin tsayi, mgh, wanda abu yake ajiye da shi saboda an ɗaga shi sama. Na uku makamashin da ke ajiye a cikin sifirin ko roba da aka ja ko aka danne, ½kx², inda k yake nuna taurin sifirin ɗin, x kuma tsawon jan da aka yi masa daga inda yake a sake.

Na huɗu aiki, wanda shi ne hanyar da makamashi yake shiga ko fita: W = Fd cos θ. F ƙarfi ne, d nisan da abin ya tafi, θ kuma kusurwar da ke tsakanin inda ƙarfin ya dosa da inda abin ya nufa. Duka huɗun da jul ake auna su, sunan da aka ɗauko daga Jems Jul na Ingila, wanda a shekarun 1840 ya nuna cewa motsa ruwa da filafili yana ɗumama shi, kuma kimanin jul 4.2 ne ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Wannan binciken nasa ne ya ba mu damar cewa abin da gogayya ta ci bai ɓata ba, zafi ya zama.

Mataki na farko: tsince bayanai, ka daidaita awo

Karanta tambayar sau biyu, biro a ajiye. A karo na uku ka jera abin da aka ba ka a gefen takarda, kowace lamba da awonta, ka sa alamar tambaya a gaban abin da ake nema. Sannan ka mai da komai zuwa kilogiram, mita da sakan. Giram a raba da 1000. Santimita a raba da 100. Kilomita a awa a raba da 3.6, wato kilomita 72 a awa mita 20 ne a sakan.

Kada ka raina wannan matakin. A gwajina na farko an ba mu abin hawa mai gudun kilomita 72 a awa, aka ce a nemo nisan da zai yi kafin birki ya tsayar da shi. Na zuba 72 yadda take, na samu mita 440 da wani abu, na ja layi biyu a ƙarƙashi ina jin daɗi. Amsar mita 34 ce. Malamin bai rubuta komai ba sai zagaye ɗaya da jan biro a kan 72. Ba ni kaɗai ba ne kuwa: a 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani ɓangare na ma'aikata ya ba da lissafi da awon fam, ɗaya ɓangaren kuma ya karanta shi a matsayin niyuton.

Akwai kuma bayanan da ake ɓoyewa cikin kalmomi. "Daga tsaye" ko "aka sake shi" na nufin gudun farko sifili ne. "Har ya tsaya" na nufin gudun ƙarshe sifili ne. "Mai santsi" na nufin ka manta da gogayya. "Da gudu bai ɗaya" na nufin makamashin motsi bai sauya ba, don haka zai soke kansa a ɓangarorin biyu.

Mataki na biyu: zana, ka kafa turaku biyu

Zane ba ado ba ne, kuma ba sai ya yi kyau ba. Abin da ake bukata shi ne ka nuna wuri biyu: A, inda labari ya fara, da B, inda ake tambayarka. Daɗin hanyar makamashi shi ne ba ruwanta da abin da ya faru a tsakani, muddin babu gogayya. Ko hanya ta miƙe, ko ta yi gwiwa, ko ta yi lanƙwasa kamar ta maciji, bambancin tsayi tsakanin A da B kawai jan ƙasa ya sani.

Sai ka zaɓi inda tsayi zai zama sifili. Zaɓin naka ne, babu wanda zai ci ka tara. Ni nakan sa shi a wuri mafi ƙasa a cikin labarin, don kada in yi fama da lambobi masu alamar ragi. Ka ja layi a wurin, ka rubuta h = 0, kada kuma ka sake taɓa shi har ka gama.

Bari mu gwada da rijiya. Guga cike da ruwa, mas ɗinta kilogiram 12, an jawo ta daga zurfin mita 15, tana isowa baki igiya ta tsinke. Da wane gudu za ta faɗa kan ruwan? A shi ne bakin rijiya, B saman ruwa, sifilin tsayi a B. A A guga tana da mgh, ba ta da gudu. A B tana da ½mv², ba ta da tsayi. Saboda haka mgh = ½mv². Harafin m ya fito a dama da hagu, ya fita. Abin da ya rage v² = 2gh = 294, wato v kusan mita 17.1 a sakan, sama da kilomita 60 a awa. Ko guga ce cike, ko tulu ne, ko bulo, in dai iska ba ta yi tasiri ba da gudu ɗaya za su isa. Wannan ne ya sa masu haƙar rijiya ba sa wasa da duk abin da ke bakin rami in akwai mutum a ciki.

Mataki na uku: yi wa kowane ƙarfi tambaya

Nan ne ainihin aikin yake, nan kuma ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Ka zana abin shi kaɗai, ka sa kibiya ga duk ƙarfin da ke aiki a kansa. Jan ƙasa kullum yana nan, yana kallon ƙasa. Sauran kuwa sai abin da ya taɓa shi: daɓe ko katako yana tokare shi, igiya tana jansa, hannu yana tura shi, gogayya tana riƙe shi. In babu abin da ya taɓa shi ta wani gefe, kada ka ƙirƙiro kibiya. Da yawa sukan zana wani "ƙarfin tafiya" a gaban dutsen da aka jefa. Babu shi. Da dutse ya bar hannu, hannu ya gama nasa.

Yanzu ka bi kibau ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: kana aiki ko ba ka yi?

Ƙarfin da ya yi kusurwar digiri 90 da tafiya ba ya aiki, domin cos 90 sifili ne. Tokarar da daɓe yake yi wa abin da ke zamewa a kansa tana cikin wannan sahu, haka ma jan zaren lilo. Ƙarfin da ya bi tafiya yana ƙara makamashi. Wanda ya saba wa tafiya, kamar gogayya a kan abin da ke zamewa, yana ragewa. Jan ƙasa da sifirin kuwa kada ka lissafa aikinsu dabam, domin mgh da ½kx² sun riga sun wakilce su. Wanda ya rubuta mgh sannan ya sake ƙara aikin jan ƙasa, ya shigar da kuɗi ɗaya sau biyu a littafi.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a wurin bita. Ɗan dako ya ɗauki buhu a ka, ya yi tafiyar mita 200 a kan shimfiɗaɗɗen wuri da gudu bai ɗaya, littafi ya ce aikin da ya yi a kan buhun sifili ne. Wani ƙanena ya ce, "Yaya, je ka faɗa masa haka lokacin biyan kuɗi ka gani." Yana da gaskiya, littafin ma yana da gaskiya. Kan ɗan dakon sama yake tura buhu, tafiya kuma gaba ake yi, kusurwa 90 ke nan. Buhun bai ƙara tsayi ba, bai ƙara gudu ba, asusunsa bai motsa ba. Gumin da mutumin yake yi na gaske ne, amma makamashin a cikin tsokarsa yake ƙonewa ya zama zafi, bai shiga buhun ba. Lokacin da ya ɗaga shi daga ƙasa zuwa ka, nan ne ya yi aiki irin wanda fiziks yake ƙirgawa.

Ita gogayya, girmanta μN ne. μ lamba ce marar awo da ke nuna kaushin wuraren biyu, N kuma ƙarfin tokara. Babban kuskure shi ne ɗaukar N daidai da mg a ko'ina. A shimfiɗaɗɗen wuri, in babu mai dannawa ko ɗagawa, haka ne. A gangare kuwa N = mg cos θ. In ka manta ko cos ne ko sin, kwantar da katakon a zuciyarka: kusurwa ta zama sifili, dole N ya koma mg, kuma cos 0 ne yake ba da 1. Shi ke nan ka tuna, ba tare da hadda ba.

Mataki na huɗu: rubuta asusun a layi ɗaya

Jimlar ita ce: makamashin da ke A, a tara da aikin da aka shigar daga waje, a cire abin da gogayya ta ci, daidai yake da makamashin da ke B. Ka rubuta ta cikakkiya kowane lokaci, sannan ka soke abin da ya zama sifili kana faɗin dalili. Masu duba takarda suna ba da maki a kan wannan layin ko da lissafin ƙarshe ya karkace.

Ga misali irin wanda ake so a jarrabawa. Ana sauke siminti daga mota. An jingina katako mai tsawon mita 4 a kusurwar digiri 30, aka saki buhu mai kilogiram 50 daga sama, μ tsakanin buhu da katako 0.3. Da wane gudu zai iso ƙasa?

Tsayin da zai sauko shi ne 4 sin 30, wato mita 2. Kula: mgh tsayi yake so, 2, ita kuwa gogayya tsawon hanyar take so, 4. Musanya waɗannan biyun ya kayar da mutane da yawa.

Jarin farko: mgh = 50 × 9.8 × 2 = jul 980. Tokara: 490 × cos 30 = niyuton 424.4. Gogayya: 0.3 × 424.4 = niyuton 127.3. Abin da ta ci a mita 4: jul 509 da ɗoriya. Saura kusan jul 471, shi ne ½mv². Ka ninka da 2, ka raba da 50, v² ya zama 18.8, v kuma kusan mita 4.3 a sakan.

Fiye da rabin jarin ya tafi a gogayya. In ka taɓa katakon bayan an sauke buhu ashirin za ka ji ɗumi, nan jul ɗin suka tafi. Da katakon mai santsi ne sarai, da buhun ya iso da mita 6.3 a sakan.

In lokaci ya ba ka dama, ka bi ta ɗaya hanyar don tabbatarwa. Dokar Niyuton ta biyu, wadda ta samo asali daga littafinsa na 1687, ta ba da ƙaruwar gudu a = g(sin 30 − 0.3 cos 30) = 2.35, sannan v² = 2as = 18.8, inda s yake tsawon katakon. Amsa ɗaya. Dole ma su zo ɗaya, domin ƙa'idar aiki da makamashi daga cikin wannan dokar aka fitar da ita.

Mataki na biyar: haruffa tukuna, lambobi daga baya

A misalin siminti na zuba lambobi da wuri don ka ga inda kowane jul ya tafi. A jarrabawa ya fi kyau ka riƙe haruffa har ƙarshe. Kalkuleta sau ɗaya za ka taɓa, kuskure ya ragu, kuma za ka ga abin da lambobi suke ɓoyewa.

Ɗauki babur da mutum biyu a kai, jimlar kilogiram 200, a kan kwalta mai μ na 0.6. Direba ya take birki har taya ta daina juyawa tana jan ƙasa. Duk makamashin motsi gogayya ce za ta cinye shi: ½mv² = μmgd. Mas ya fita, d = v²/2μg. A gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan, d = 100/11.76, kusan mita 8.5. A kilomita 72, mita 20 a sakan, d = 400/11.76, mita 34. Gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu, ramin Gravesande ne ya dawo. Wannan ma ba a haɗa da tafiyar da babur zai yi kafin ƙafar direba ta kai ga birki ba. In an yi yayyafi ko yashi ya hau kwalta, μ ya ragu da rabi, nisan ya sake ninkawa.

Ga na sifirin, da abin da muka sani tun muna yara, danƙon harbin tsuntsu. A ce taurin robar niyuton 200 ne a kowace mita, ka ja ta santimita 25, tsakuwar kuma giram 20. ½kx² = ½mv², don haka v² = kx²/m = 200 × 0.0625 / 0.02 = 625, v mita 25 a sakan. In sama ka harba a miƙe, ½mv² = mgh ya ba da kusan mita 32. A gaskiya roba ba ta bin dokar Huk (wadda ta ce in tsawon jan ya ninka, ƙarfin ma ya ninka) sau da ƙafa kamar sifirin ƙarfe, ita kanta kuma tana cin wani kaso na makamashin, ga iska, don haka tsakuwar gaske ba za ta kai haka ba. A takardar jarrabawa dai lissafin ke nan.

Mataki na shida: auna amsar da hankalin tuwo

Kafin ka ja layi, tambayi kanka ko abin zai yiwu. Babur ba ya jan birki na mita 440. Buhun da ya zamo daga mota ba ya gudun jirgi. Abu mai gogayya ba zai riga marar gogayya gudu ba. In v² ya fito da alamar ragi, kada ka share alamar ka wuce: ko dai ka yi kuskure, ko kuma lissafin yana gaya maka cewa abin bai isa B ba, jarinsa ya ƙare a hanya. A gangare ma akwai gwaji mai sauri, in μ ya fi tan θ girma, abin da aka ajiye ba zai ma motsa ba. A misalinmu tan 30 kusan 0.58 ne, ya fi 0.3, don haka buhun zai zame.

Duba awo kuma. In kana neman gudu, abin da ke ƙarƙashin alamar tushe dole ya zama mita² a kan sakan². Sannan ka duba kalkuleta tana kan digiri, ba radiyan ba: danna sin 30, in ba ta ba ka 0.5 ba, gyara ta tun kafin a raba takarda.

Inda wannan hanya ba ta kai ka

Makamashi bai san agogo ba. In an ce "cikin sakan nawa", sai ka koma ga ƙaruwar gudu da ƙa'idojin motsi. Haka kuma bai san gabas da yamma ba, girman gudu kawai yake bayarwa, ba ya faɗin inda abu ya dosa. Jan igiya da ƙarfin tokara ma, tunda sau da yawa ba sa aiki, ba sa fitowa a asusun; Niyuton ne zai ba ka su.

Babban ramin shi ne karo. In abu biyu suka yi karo suka manne, makamashin motsi yana raguwa, ya tafi a lanƙwasar ƙarfe da ƙara da zafi, ba ka kuma da hanyar sanin nawa ne tun farko. Abin da ba ya sauyawa a lokacin karon shi ne momentam, wato mv. Mota mai kilogiram 1000 tana gudun mita 15 a sakan ta daki wata mai 500 da ke tsaye, suka tafi tare: 1000 × 15 = 1500 × v, v ya zama 10. Yanzu duba makamashi. Kafin karo jul 112,500, bayan karo 75,000. Jul 37,500 sun tafi wurin mai gyaran bodi. Wanda ya daidaita makamashin kafin da na bayan zai samu 12.2, amsa mai kyan gani, amma ba daidai ba.

Tambayoyin da suka fi maki sukan haɗa biyun. Dabarar ita ce ka yanka labarin gida-gida: makamashi har zuwa dab da karo, momentam a lokacin karon, makamashi kuma daga nan har a tsaya. A misalin motocin nan, in aka ce sun ja ƙasa a kan titi mai μ na 0.5 bayan karon, sai ka ɗauki 10 ɗin ka sa a d = v²/2μg, ka samu kusan mita 10.2.

In aka kawo maganar wat

Saura abu ɗaya da ake liƙawa a ƙarshen tambaya: saurin yin aiki, wato aiki a raba da lokaci, ana auna shi da wat. Jul ɗaya a sakan shi ne wat ɗaya. Wanda ya jawo gugar ɗazu ya yi aikin 12 × 9.8 × 15 = jul 1,764; in cikin sakan 20 ya yi, wat 88 ke nan. In abu yana tafiya da gudu bai ɗaya, akwai gajeriyar hanya, P = Fv.

Gwada da tankin gidanku. Lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce. Injin da ya ɗaga lita 1000 zuwa tsayin mita 8 cikin minti 20 ya yi aikin jul 78,400 a sakan 1200, kusan wat 65. Amma a jikinsa za ka ga an rubuta rabin ƙarfin doki, kuma ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, rabi 373. Ina sauran? Wani ya tafi a gogayyar ruwa da bututu, wani a zafin injin. In kuma daga rijiyar burtsatse ake jawowa, h ɗinka daga saman ruwan da ke can ƙasa zai fara, ba daga tsakar gida ba. Rabon abin da ya yi amfani da abin da aka zuba shi ake kira inganci, ba ya kuma kai kashi 100.

Lissafin nan ne dai a madatsar Kainji da ke kan kogin Neja, wadda aka kammala a 1968, sai dai a juye: can ruwa ne yake saukowa ya ba da mgh ɗinsa ga injin. Duk mita kubik ɗaya na ruwa, kilogiram 1000, da zai faɗo mita 30 a kowane sakan yana ɗauke da kilowat 294 kafin a cire asara. Yunit ɗin da mitar gida take ci kuwa, kilowat-awa, awon makamashi ne, jul miliyan 3.6. Ka raba 78,400 da wannan, za ka ga ɗaga tankin nan gaba ɗaya bai wuce 0.022 na yunit ɗaya ba.

Ga wanda za ka yi da kanka yau da dare. Mai ruwa ya ɗora jarka 10 masu lita 25 a kura, mas ɗin kurar da jarkokin in babu ruwa kilogiram 50. Daga tsaye ta kuɓuce masa a kan gangare mai tsawon mita 20 wanda ya sauka mita 1.5, ƙarfin da ke riƙe tayoyin kuma niyuton 120 ne duk tsawon hanyar. Nemo gudunta a ƙasan gangaren, sannan nisan da za ta ƙara a shimfiɗaɗɗen wuri kafin ta tsaya in ƙarfin riƙon bai sauya ba. Ka bar juyawar tayoyi a gefe. In ka bi matakan daidai, za ka samu kusan mita 3.7 a sakan da kuma mita 16.75.